LEWIS CARROLL, MAI I'INA DA YA SA YARAN DUNIYA DARIYA

Akwai wani littafin Turanci na yara wanda 'yan makaranta da yawa su kan gamu da shi tun ba su kai shekara 15 ba. Sunansa Alice's Adventures in Wonderland, wato yawon da wata yarinya mai suna Alis ta yi a Ƙasar Al'ajabi. Idan uba ya tarar da ɗansa rungume da littafin nan yana ta dariya shi kaɗai, ya tambaye shi abin da ke ciki, amsar ba za ta kwantar masa da rai ba. Za a ce masa akwai zomo mai agogo, da kyanwa wadda ta kan ɓace ta bar murmushinta a rataye a bisa itace. Uban da ke tsoron Allah zai ce wannan shirme ne. Gaskiyarsa kuwa, shirme ne, mai littafin ma da gangan ya yi shi haka. Amma kafin mu ƙwace shi daga hannun yaro, ya kamata mu san wanda ya rubuta shi. Ɗan fasto ne, malamin lissafi, ma'aikacin ekklesiya kuma. Ga labarinsa.

Gidan fasto

Sunansa na yanka Charles Lutwidge Dodgson. An haife shi ran 27 ga Janairu, 1832, a wani ƙauye da a ke kira Daresbury a ƙasar Ingila. Ubansa, shi ma Charles Dodgson, shi ne faston ƙauyen. Allah ya ba faston nan da matarsa 'ya'ya 11, mata 7 maza 4. Charles shi ne na uku, shi ne kuma babba cikin maza. Albashin ubansa kaɗan ne, bakuna kuwa da yawa, har ya kan ɗauki 'ya'yan waɗansu yana koya musu karatu domin ya cika kuɗin abinci.

Faston nan mai himma ne ƙwarai. Kusa da ƙauyen akwai hanyar ruwa wadda aka haƙa domin jiragen kaya. Masu tuƙin jiragen suna kwana cikinsu da iyalinsu, ba su zuwa sujada ko ina. Da ya ga haka sai ya sa aka mai da wani jirgi ya zama ɗakin sujada a bisa ruwa, yana zuwa yana yi musu wa'azi a ciki. A irin wannan gida yaron ya tashi, ana addu'a safe da yamma, ana karanta Littafi Mai Tsarki.

A 1843 aka ƙara wa uban girma, aka kai shi wani gari mai suna Croft a arewacin Ingila, inda akwai babban gida da lambu mai faɗi. A nan baiwar Charles ta fara bayyana. Ya ɗauki baro da ganga ya yi wa ƙannensa jirgin ƙasa a cikin lambu, da tashoshi da tikiti da dokokin fasinja na ban dariya. Ya yi 'yan tsana masu motsi da zare, yana shirya musu wasa. Yana da shekara 13 ya fara rubuta wata jarida da hannu domin mutanen gidansu kaɗai, cike da waƙoƙin raha da zane. Uban bai hana shi ba, gama shi kansa mutum ne mai son raha, ko da ya ke ba ya wasa da al'amarin Allah. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta.

Amma yaron yana da nasa nawaya. Mai i'ina ne, kamar yawancin 'yan'uwansa, i'inar kuwa ba ta rabu da shi ba har ya mutu. Wani zazzaɓi kuma ya kashe masa kunnen dama tun yana ƙarami. Da ya kai shekara 14 aka sa shi a makarantar kwana ta Rugby, ya yi shekara 3 a can. Ya ci kyaututtuka na karatu, amma ya sha wuya a hannun manyan yara, har daga baya ya rubuta cewa ba abin da za a ba shi a duniya ya yarda ya sake yin shekarun nan.

A Oksfod

A watan Janairu 1851 ya tafi jami'ar Oksfod, kwalejin Christ Church, inda ubansa ya yi karatu. Kwana 2 da isarsa aka aiko masa ya komo gida, uwarsa ta rasu farat ɗaya. Bayan jana'iza ya koma ya duƙufa a kan littattafansa. A 1854 ya fita da daraja ta ɗaya cikin lissafi, a 1855 aka naɗa shi malamin lissafi na kwalejin. Ya riƙe aikin shekara 26, ya kuwa zauna a kwalejin nan shekara 47, har ƙarshen ransa.

A 1856 ya aika wa wata jarida waƙa, bai so sunansa ya fito ba. Sai ya juya Charles da Lutwidge zuwa harshen Latin, ya sake juyo su zuwa Turanci, ya sa na baya a gaba. Haka aka sami Lewis Carroll. Littattafan lissafi ya kan sa musu sunansa na yanka, na raha kuwa sunan aro. A shekaran nan kuma ya sayi akwatin ɗaukan hoto, abin da ya ke sabo a lokacin, ya gwanance har ya ɗauki hoto wajen 3,000 kafin ya bari a 1880.

Matsayinsa a kwalejin yana da sharaɗi biyu: kada ya yi aure muddin yana riƙe da shi, ya kuma shiga aikin ekklesiya. Ran 22 ga Disamba, 1861, Bishof Samuel Wilberforce, ɗan William Wilberforce wanda ya yi yaƙi da cinikin bayi, ya ɗibiya masa hannu ya zama dikin. A ekklesiyar Ingila dikin shi ne mataki na fari, bayan kamar shekara guda a kan naɗa mutum cikakken fasto. Dodgson ya tsaya a matakin nan, bai ci gaba ba. Bai ga kansa ya dace da riƙon ekklesiya ba, ga kuma i'ina. Karatu a gaban jama'a shi ya fi ba shi wuya, domin yana hango kalma mai wuya tun kafin ya kai gare ta, ba shi kuwa da ikon sāke maganar Littafi. Ya je wurin masu gyaran magana, an sami sauƙi kaɗan, amma bai warke ba. Littafin da ya ke rubuta al'amuransa na kullum yana cike da addu'o'i a shekarun nan, yana roƙon Allah ya gafarta masa, ya taimake shi ya yi sabuwar rayuwa.

Rana ɗaya a bisa kogi

Shugaban kwalejin a lokacin shi ne Henry Liddell, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka shirya babban ƙamus na Helenanci wanda masu nazarin Sabon Alkawari su ke amfani da shi har yau. Dodgson ya saba da yaran gidansa. Ran 4 ga Yuli, 1862, shi da abokinsa Fasto Robinson Duckworth suka ɗauki 'yan matan gidan su uku a kwalekwale domin shan iska a kogin Temis: Lorina mai shekara 13, Alis mai 10, da Edith mai 8. Ana cikin tuƙi yaran suka ce sai ya ba su labari. Sai ya fara ƙaga shi nan take, ya sa wa yarinyar labarin sunan Alis, ya jefa ta cikin ramin zomo, shi kansa bai san inda za ta faɗa ba.

Da suka komo da yamma, Alis ta dame shi da roƙo ya rubuta mata labarin. Ya ɗauki fiye da shekara 2 yana yi. Ran 26 ga Nuwamba, 1864, ya ba ta littafin, rubutun hannunsa, da zane 37 da ya yi da kansa. Kafin nan ya riga ya ba abokinsa George MacDonald, wanda dā fasto ne, ya ce a karanta wa yaran gidansa a gani. Yaran suka yi murna ƙwarai, iyayensu suka ce lalle a buga shi.

Ya ƙara labarin ya yi kusan ninki biyu, ya ɗauki wani gwanin zane mai suna John Tenniel ya yi masa hotuna 42. Kamfanin Macmillan ya buga guda 2,000 a 1865, da kuɗin Dodgson. Da Tenniel ya duba ya ce hotunan ba su fita da kyau ba, sai Dodgson ya janye bugun duka, ya sa aka sake, ya ɗauki hasarar a kansa. Bai yarda a sayar wa yaran Ingila aikin da bai gamshe shi ba.

Abin da ke cikin littafin

Alis tana zaune a bakin kogi da yayarta, sai ta ga farin zomo sanye da falmaran ya ciro agogo daga aljihu yana sauri. Ta bi shi cikin rami, ta faɗa wata ƙasa inda kome ya ke a juye. Ta sha wani abu ta ƙanƙance, ta ci wani ta yi tsawo har kanta ya taɓa rufi. Ta yi kuka, daga baya ta kusa nutsewa cikin hawayenta. Ta zauna shan shayi da wani mai sayar da huluna wanda ya yi faɗa da Lokaci, saboda haka agogonsu ya tsaya a ƙarfe 6, kullum lokacin shayi ne. A ƙarshe ta shiga ɗakin shari'a inda sarauniyar karta, wadda ba ta da magana sai a sare kan wane, ta nace a yanke hukunci tukuna kafin a ce ko mutum ya yi laifi. Alis ta ƙi yarda, ta tsaya ta faɗa musu su karta ne kawai. Sai ta farka, ashe mafarki ne.

Ya sa mutanen kwalekwalen a ciki da siffar tsuntsaye. Duckworth ya zama agwagwa, Lorina aku, Edith 'yar gaggafa. Shi kansa ya zama Dodo. Kada mai karatu ya zaci dodon tatsuniya ne. Wani tsuntsu ne mara tashi wanda dā ya ke a tsibirin Mauritius, irinsa ya ƙare a duniya. Ana cewa ya zaɓi sunan ne domin haka i'ina ta kan sa ya fara faɗin sunansa.

Kafin littafin nan, yawancin abin da a ke rubuta wa yaran Ingila gargaɗi ne tsantsa: yaro ya yi rashin ji, ya gamu da masifa, ga darasi a ƙarshe. Ana kuma sa su haddace waƙoƙin horo na Isaac Watts, mai waƙoƙin sujada. A cikin labarin Alis ta yi ƙoƙari ta karanta haddarta a kan ƙudan zuma mai ƙwazo, sai waƙar ta fito a kan kada. Duk wanda hadda ta taɓa kuɓuce masa a gaban malam ya san abin da ya sa yara su ke dariya a nan.

Ƙaramin yaro zomo da kyanwa su ke ba shi dariya. Saurayi ko budurwa mai shekara 14 ko 15 kuwa wani abu dabam ya ke gani. Shi ma jikinsa yana sākewa, yau a ce masa ya yi ƙanƙanta, gobe a ce ya girma. Sa'anda wata tsutsa ta tambayi Alis ko ita wace ce, ta rasa amsa, ya san wannan ruɗewa. Ya fara lura kuma cewa a kan jera magana daidai, ta yi daɗin ji, alhali hujjarta ruɓaɓɓiya ce. Mai lissafi ne ya gina shirmen nan, ko wace karkatacciyar magana a ciki da ma'auni aka karkata ta, jin daɗin mai karatu kuwa shi ne ya gano inda ta karkace. Yaron da ya yi dariya a kan hukunci kafin shari'a ya riga ya san yadda shari'ar gaskiya ta ke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a duniyar da ta cika da masu ruɗi da daɗin baki.

Suna da ɗaukaka

Littafin ya bazu da sauri. A 1869 aka juya shi da Jamusanci da Faransanci, a 1940 da Swahili, yanzu kuwa an juya shi cikin harsuna fiye da 170. A ƙarshen 1871 ya fitar da na biyu, inda Alis ta ratsa madubi. Ana ba da labari wai Sarauniya Biktoriya ta nemi littafinsa na gaba, aka kai mata na lissafi. Shi da kansa ya ce ƙarya ce. Suna bai ruɗe shi ba. Wasiƙar da baƙo ya aiko kwalejin da sunan Lewis Carroll, ya kan mai da ita. Ya ci gaba da koyarwa da rubuta littattafan lissafi da na ilmin auna hujja. Sau ɗaya tak ya yi tafiya ƙasar waje, a 1867, ya tafi Rasha da wani fasto abokinsa.

Ubansa ya rasu a 1868, nauyin gida ya komo kansa. Ya kama wa 'yan'uwansa mata gida a garin Guildford, yana taimakonsu har mutuwarsa. Autansu Edwin ya zama mishan, ya yi aiki a Zanzibar, daga baya a Tristan da Cunha, wani tsibiri a tsakiyar teku mai nisa da ko ina. Charles ya yi ta zirga-zirga a ofisoshin gwamnati domin mutanen tsibirin. A 1874 ya kwana yana jiyyar wani saurayi danginsa mai tarin fuka. Da gari ya waye ya fita ya miƙe ƙafa, a nan ne layin ƙarshe na wata doguwar waƙar shirme ya faɗo masa, wadda aka buga a 1876. Raharsa ba ta wanda bai san baƙin ciki ba ce. Ya kan aika da littattafansa kyauta zuwa asibitocin yara, a 1886 kuma, da aka buga hoton rubutun hannun da ya ba Alis, aka ba da ribar domin yara marasa lafiya. Ya kan amsa wasiƙa ƙwarai: littafin da ya ke lissafta wasiƙun da ya aika da waɗanda ya karɓa ya kai lamba 98,721.

Raharsa tana da iyaka. Ba ya jure a yi ba'a da sunan Allah ko da ayar Littafi Mai Tsarki, ko a gidan wasa ko a bakin abokai. Sa'anda ya ke rubuta littafi na biyu ya sa wani fure yana magana. Da ya ji sunan furen yana tuna shan azabar Ubangijinmu ne, sai ya cire shi ya sa wani. A 1876 ya buga wata 'yar wasiƙa ta Ista zuwa ga yara masu karanta Alis. Abin da ya nuna musu shi ne, Allah bai nufa mu raba ranmu biyu ba, mu ɗaure fuska ran Lahadi sa'an nan mu ga bai dace a ambace shi sauran kwanaki ba. Dariyar yara mai tsabta tana da daɗi a kunnensa kamar waƙar sujada. Da ya manyanta ya ƙara yin wa'azi, a Guildford da Oksfod, har ga ma'aikatan kwalejin, yana fama da harshensa a hankali har ya kai ƙarshe.

Ba mu ce shi mara aibi ba ne. Mutum ne mai tsanani a kan ƙananan abubuwa, mai yawan ƙorafi. Bai karɓi koyarwar hukunci na har abada ba, a nan kuwa ba mu tare da shi. Yawan abotarsa da 'yan mata ƙanana, da waɗansu hotunan yara da ya ɗauka da yardar iyayensu bisa ga al'adar masu zane na zamaninsa, sun jawo muhawara mai yawa tsakanin masana. Da yawa cikin yaran da suka girma sun ba da shaida mai kyau a kansa. Duk da haka ba za a yarda da irin hotunan nan yau ba, daidai ne kuwa, ekklesiya kuma ta yi daidai da ta ke sa ido a kan ko wane babba da ke aiki da yara, kome sunansa.

Ƙarshensa

Ya je Guildford Kirsimati na 1897, mura ta kama shi, ta zama ciwon huhu. Ya rasu ran 14 ga Janairu, 1898, saura kwana 13 ya cika shekara 66. Aka binne shi a can ƙarƙashin farin gicciye. Yara da manya suka tara kuɗi aka ajiye gado da sunansa a asibitin yara na Great Ormond Street a Landan.

Alis ta yi aure, ta haifi 'ya'ya maza 3, aka kashe 2 a Yaƙin Duniya na Fari. A 1928 bukata ta sa ta sayar da littafin rubutun hannun, aka saye shi fam 15,400, aka tafi da shi Amurka. Ta rasu a 1934. A 1948 waɗansu Amurkawa suka haɗa kuɗi suka mayar wa Ingila da shi kyauta, domin godiya a kan yadda ta tsaya gaban Hitila.

'Yan'uwa, mutumin nan bai iya tsayawa a bagade kamar ubansa ba, bai ƙetare teku kamar ƙanensa ba. Abin da aka ba shi, wato hankalin lissafi da iya faranta ran yaro, bai binne shi a ƙasa ba kamar bawan nan na Matta 25. Wataƙila a gidanka akwai yaro mai nauyin baki, ko mai yawan ƙaga labari, kana ganin ba zai yi amfani ba. Ubangiji wanda ya aiki Musa da nauyin harshensa ya san abin da ya sa a cikinsa.

Ku iyaye, ku duba abin da 'ya'yanku su ke karantawa, gama akwai littattafai masu ƙazantar da zuciya, waɗannan a hana. Amma kada mu mai da ko wace dariya zunubi. Annabi Zakariya, sa'anda ya ke kwatanta Urushalima wadda Allah zai komo ya zauna a cikinta, ya ambaci yara maza da mata suna wasa a titunanta. Ku duba sura 8. Idan yaro ya koya a gida cewa bin Yesu ɗaure fuska ne, ranar da ya so dariya zai neme ta a inda ba a ambaton Yesu. Gara ka zauna kusa da shi, ka ce ya karanta maka inda ya ba shi dariya, ka tambaye shi inda maganar ta karkace. Ku kuma samari da 'yan mata, ku ji daɗin labarin, ku riƙe iyakar da mai labarin ya riƙe: abin da ke na Allah ba abin ba'a ba ne.

A majami'ar Daresbury, inda aka yi masa baftisma, an sa wata taga mai gilashi masu launi a 1935 domin tunawa da shi. A tsakiya ga jariri Yesu a komin dabbobi, da Maryamu da Yusufu da makiyaya. A gefe ga Dodgson da Alis suna duban jaririn. Can ƙasa, ƙanana ƙanana, ga farin zomo da Dodo da mai huluna da kyanwa mai murmushi. An ba su wuri a ɗakin Allah, amma ƙarƙashin ƙafafun Mai Ceto. Allah ya ba mu hikima mu sa ko wane abu a wurinsa cikin gidajenmu. Amin.